Littafin aiki: awon asarar albasa a rudu da rajistar waya a jihar Tawa

14 Disamba 2024

Kwamitin fasaha na ƙungiya ne ya buɗe wannan littafi, domin wanda zai gaji aikin ya tarar da komai a rubuce. Ƙungiyar tana da mambobi 86, maza 61 da mata 25, dukansu masu garakan albasa a bakin babbar hanya tsakanin Malbaza da Madawa. Irin da ake shukawa shi ne na Galmi, mai launin shuni, wanda ake lodinsa zuwa Akara, Kumasi, Lome da Abijan.

Matsalar da ta sa aka fara aikin tsohuwa ce. A watan Maris da Afrilu kowa yana cire albasa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya ajiyewa zuwa ƙarshen damina yana samun ninki, wani lokaci fiye. Amma in ka tambayi manoma goma nawa ke lalacewa a rudu, wato rumbun ciyawa da ake ajiye albasa, kafin lokacin, wani zai ce kashi ɗaya cikin uku, wani ya ce rabi, wani ya ce "sai abin da Allah ya bari". Ba a gina kasuwanci a kan wannan amsa, kuma babu asusun bashi da zai karɓi albasa jingina alhali mai ita bai san abin da zai rage ba. Don haka burin bana ɗaya ne: a auna asarar, rudu bayan rudu, a san dalilinta, kuma ilimin ya zauna a hannun ƙungiya.

9 Janairu 2025

An kafa wutar rana a ofis. Lissafin buƙata a yini: kwamfuta mai wat 45 na awa 4 ya ba da 180, wayoyi 5 kowace 15 ya ba da 75, na'urar intanet 48, fitilu biyu 40, injin buga takarda da cajin sikeli kusan 30. Jimla ta kusa wat-awa 400, in an haɗa da abin da ke salwanta a wayoyin wuta da na'urar juya wuta a ɗauka 450. Faranti mai wat 200, da awa 5 na cikakkiyar rana, in an cire kashi 30 cikin ɗari saboda zafi da ƙura, yana ba da kimanin 700. Ya wadatar. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar 1,200, amma na dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi, don haka 600 ne namu.

Farantin yana kallon kudu, an karkata shi digiri 15, daidai da matsayin Tawa a kan taswira. Na'urar daidaita caji mai amfiya 20 ce, waya mai kaurin milimita murabba'i 6, an sa fis kusa da batir. A wannan lokaci na hunturu ƙura tana rufe gilashin cikin kwana biyu ko uku, sai an share da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Batirin yana ɗakin ƙasa mai taga biyu, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma.

2 Fabrairu 2025

An gama tsara takardar tambayoyi a KoboToolbox, an saukar da ita a wayoyin Android guda 5 ta manhajar KoboCollect. Dalilin zaɓenta shi ne tana aiki ba tare da rezo ba. Mai rubutu yana cikewa a garka, in ya dawo inda layi ke kamawa sai ya tura.

Kowane mamba ya samu lamba mai harufa uku, kowace garka ta samu tata. Suna kaɗai bai isa ba, domin akwai mutum huɗu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Sunayen ƙauyuka kuma an mai da su jerin zaɓi, tun da wani yana rubutawa da salon Faransanci, wani da na Hausa, sai kwamfuta ta ɗauka ƙauye biyu ne.

Abin da ya fi ɗaure kai a gwajin farko shi ne kuɗi. Manomi yana lissafi da dala, takarda tana tambaya da sefa. Mutum ya ce ya sayi taki dala 3,000, mai rubutu ya danna 3000, alhali sefa 15,000 ne. Duk lissafin ribar wannan garka sai ya karkace ninki biyar, kuma ba mai lura sai an zo tara jimla. Yanzu takardar tana tambaya da dala, ita da kanta ta ninka sau biyar ta nuna sefa a ƙasa, mai rubutu ya karanta wa manomi da jika: "Baba, jika goma sha biyar ke nan?" Sai ya amsa kafin a wuce. An kuma sa iyaka, ta yadda in adadi ya fita daga abin da hankali zai ɗauka, wayar ta ƙi karɓa.

Tambayoyin garka guda bakwai ne kawai, da gangan: ranar dashe, faɗin fili, yawan takin ure da ranar zubawa ta ƙarshe, ranar ban ruwa na ƙarshe, ranar cirewa, kwanakin shanya, da litar man injin ban ruwa. Takarda mai tambaya talatin ba ta kai mako uku ana cika ta da gaskiya.

24 Fabrairu 2025

An sayi na'urorin auna zafi da laima guda 8, ƙanana, masu aiko da bayani ta Bluetooth, kowace da batir ɗin CR2032. Kafin a amince da su an yi gwajin gishiri. Ana zuba gishirin miya a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da na'urar cikin roba mai murfi har kwana guda. Iskar da ke ciki tana tsayawa a laima kashi 75. Shida sun nuna tsakanin 73 da 77, an karɓe su. Ɗaya ta nuna 69, an rubuta mata ƙarin 6 a jikinta. Ɗaya ta nuna 58, an ajiye ta gefe.

Sikelin rataye mai ɗaukar kilo 300 ya iso, an yi masa ƙafa uku ta ƙarfe. Ana gwada shi kowace safiya da bido mai lita 20 cike da ruwa, wanda an san nauyinsa.

18 Maris 2025

Cira ta fara cikin azumi, don haka awo yana tsayawa da ƙarfe sha ɗaya na safe. Wannan ya dace da wayoyin ma, domin da rana tsaka suna yin zafi su daina caji, allon ya dushe. Ba a barin su a aljihun babur ko kan buhu.

An auna buhuna 40 masu hula, wato tulin albasar da ake ɗorawa sama da bakin buhu, kamar yadda dillalai ke cika su. Mafi sauƙi kilo 108, mafi nauyi kilo 141, kuma duk farashinsu ɗaya. Wato akwai manomin da ya ba da kilo 33 kyauta a buhu guda. Mu a ganinmu wannan ita ce asarar farko, tun albasa ba ta shiga rudu ba, kuma ta fi ciwo domin ba ruɓa ta kawo ta ba. Masu saye ba su yarda a koma ciniki da kilo ba, sun ce su ma a can kudu da buhu suke sayarwa. Abin da aka daidaita a kai shi ne ciniki ya ci gaba da buhu, amma a rubuta nauyi a kan rasit. Daga ranar da aka fara rubutawa, tsayin hula ya ragu da kansa.

10 Afrilu 2025

An cika rudu 6 da ɗakin ajiya na ƙasa guda 1. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, don haka ga yadda aka tsara shi dalla-dalla.

Kafin zubawa an tsince albasa da hannu. Mai rauni, mai kaurin wuya, mai tagwaye da wadda rana ta ƙona duk an ware su zuwa kasuwa. An bar wuya tsawon santimita 2 zuwa 3, domin in an yanke shi dab da kai ƙofa ce aka buɗe wa ruɓa. Ƙasan kowane rudu ya tashi daga ƙasa da aƙalla santimita 40 a kan duwatsu da itace, don iska ta bi ta ƙarƙashi.

A kowane rudu an binne jakar raga guda 3, kowace da albasa kilo 10 daidai daga cikin abin da aka zuba: ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama. Kowace jaka tana da igiya mai launi da ta leƙo waje da lamba a jikinta. Duk kwana 14 ana fito da su a yi awo uku dabam dabam. Na farko nauyin jakar gaba ɗaya, wanda ke nuna ruwan da ya tafi. Na biyu nauyin ruɓaɓɓu. Na uku nauyin masu tsiro. Raba su yana da muhimmanci ƙwarai, domin kowace asara da maganinta. Tafiyar ruwa ba a hana ta, sai dai a rage. Ruɓa daga garka take farawa, tsiro kuma sai sanyi da laima sun shigo. In aka haɗa su a lamba ɗaya za a san an yi asara amma ba za a san inda za a gyara ba.

Na'urar zafi da laima tana rataye a tsakiyar tarin, tana rubutu duk awa. Albasa tana jure zafin Afrilu fiye da yadda mutane ke zato. Sama da digiri 25 zuwa 30 barcinta take yi, ba ta tsiro. Abin tsoro shi ne haɗuwar zafi da laima, lokacin da baƙin fumfuna ke bazuwa ƙarƙashin ɓawo. Laimar da ake so tana tsakanin kashi 65 da 70.

An kuma kula kada a gauraya albasar garaka dabam dabam a rudu ɗaya. Uku daga cikin rudun suna ɗauke da albasar da aka tsayar wa ruwa kwana 12 ko fiye kafin cira, kuma ba ta ga ure ba a makonni shida na ƙarshe. Sauran ukun na waɗanda suka ci gaba da ruwa da taki har kusan ƙarshe ne, don kai ya yi girma ya cika buhu.

5 Mayu 2025

Biyan kuɗin albasar da aka sayar a farko ya bi ta waya ga mambobi 31 da suka yarda. Sauran sun karɓa a hannu, ba a tilasta kowa ba. Abubuwa uku sun fito.

Mata 9 layin da suka bayar da sunan mazajensu ko 'ya'yansu aka yi masa rajista. Kuɗin ya shiga, amma ba a hannun mai albasar ya sauka ba. Kwamiti ya yanke cewa ba za a tura wa kowa kuɗi ba sai sunan da ke kan layi ya yi daidai da na rajistar ƙungiya, kuma ma'aji ta raka waɗanda suke da katin shaida suka buɗe nasu.

Na biyu, wakilin cire kuɗi na ƙauye ba ya riƙe tsabar da za ta ishi mutum goma a rana ɗaya. Yanzu ana sanar da shi kwana biyu kafin biya, kuma ana raba biyan gida uku. Na uku, kwana ɗaya bayan biya wasu suka fara samun kira daga masu cewa an yi kuskuren turawa, a faɗa musu lambar sirri. An naɗi saƙon murya na minti ɗaya aka watsa wa kowa cewa ƙungiya ba za ta taɓa tambayar lambar sirri ba, ko da muryar shugaba aka ji.

16 Yuni 2025

Ruwan farko ya sauka. Rudu na 4 ya yi yoyo ta kan tsororuwa, na'urar ta nuna laima sama da 85 har kwana uku a jere. Da ido ba a ga komai daga waje ba, sai da aka zaro jakar sama aka tarar da danshi. An buɗe, an baza a inuwa, an tsince, an sake rufin da sabuwar ciyawa. Ba a lulluɓe rudu da leda ba, ko da yake an ba da shawarar hakan, domin leda tana tare ruwan sama amma tana kulle numfashin albasar a ciki, tururin ya koma ya jiƙa ta.

Bluetooth ba ya ratsa tarin albasa daga nesa. Sai mai awo ya tsaya dab da jikin rudun, bai wuce taku biyu ba.

21 Yuli 2025

Awon tsakiyar lokaci. A rudun da aka tsayar wa ruwa da wuri, jimlar asara ta kai kashi 14. A sauran ukun ta kai 27, kuma bambancin kusan duka ruɓa ce ta wuya. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya yanka ya duba: ure na ƙarshen lokaci yana sa wuya ya yi kauri ya ƙi bushewa, ruwan da aka ci gaba da bayarwa kuma yana cika kan da danshi. Albasar tana burge mai saye a ranar cira, amma ba ta ajiyuwa. Rudu uku da uku ba su isa a kafa doka ba, shekara ɗaya ce kuma, amma sun isa a daina zuba irin wannan albasa a ajiya. Wanda ya yi mata ure a ƙarshe, gara ya sayar nan take.

An ƙara wa takardar lissafi layin da ya fi kowane amfani, wato farashin da in an sayar ƙasa da shi an faɗi. Ana haɗa farashin buhu a ranar cira da kuɗin ajiya, a raba da abin da ya rage. Buhun da za a iya sayarwa sefa 9,000 a Afrilu, an kashe masa 2,500 wajen gyaran rudu, gadi, tsinta da sabon buhu, ya tashi 11,500. In asara kashi 14 ce, a raba da 0.86, ya ba da kusan 13,400. In 27 ce, a raba da 0.73, ya ba da kusan 15,750. Mutum biyu suna iya sayarwa rana ɗaya a farashi ɗaya, ɗaya ya ci riba ɗaya ya faɗi, kuma duka biyun su tafi gida suna murna don kuɗin ya fi na Afrilu.

Farashin kasuwa ana tattara shi duk mako daga wurare uku: Galmi, Tsarnawa, da abin da direbobi ke faɗa daga Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Akara a 2021. Kuɗin mota yana da nasa layi dabam, domin tun rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023 hanyar kudu ta yi tsawo, kuma hauhawar farashi a Gana ba kullum take isowa bakin rudu ba.

19 Agusta 2025

Watan nan aikin taskar murya aka yi. Dattawan da suka shekara talatin da arba'in suna ajiyar albasa sun san abubuwan da ba su cikin kowace takarda: yadda ake gane wuya ya bushe ta ƙarar ɓawo, irin ciyawar da ta fi tare ruwa, gefen da ya kamata ƙofar rudu ta kalla don kauce wa iskar damina daga gabas. An nemi izinin kowa kafin naɗi, kuma izinin yana cikin muryar. Ana yanka hira gajeru, ba ta wuce minti uku ba, kowace a kan magana ɗaya. Sunan fayil yana da shekara, wata, batu da lamba, don saƙon da aka bari a WhatsApp kawai yana nutsewa cikin gaisuwa da hotuna, wayar ta ɓace ya tafi da ita.

Kowace murya tana da alama ɗaya cikin biyu: an gwada, ko ba a gwada ba tukuna. Wannan ya ɗan jawo magana, wasu suka ga kamar ana ƙaryata manya. Kwamiti ya tsaya a kan haka, domin alamar ɗaya ake sa wa shawarar injiniya da ta mai sayar da taki. Saƙonnin murya na Hausa da cibiyar RECA ta Yamai ke watsa wa manoma su ma an ba su nasu babban fayil. Ana kwafa duka a katin ƙwaƙwalwa, tun da yawancin gidaje suna da ƙaramar rediyo mai cin kati, kuma mata sun fi saurare ta nan.

15 Satumba 2025

Awon ƙarshe kafin sayarwa: kashi 24 a rukuni na farko, 41 a na biyu. Da lissafin baya, na farko yana buƙatar kusan sefa 15,100 kafin ya mai da uwar kuɗi, na biyu kusan 19,500. Tsiro ya fara bayyana daga tsakiyar Agusta, ya fi yawa a jakunkunan ƙasa. Ɗakin ƙasa ya fi rudu sanyi da rana, amma laimarsa tana daɗewa kafin ta sauka bayan ruwa, alamar tagoginsa na ƙasa sun yi kaɗan. Za a huda ƙarin huɗu a bangon arewa da kudu, a sa musu raga saboda ɓera.

Awon rijiyoyi 5 da ake yi duk wata da tef mai mita 30 ya nuna ruwa ya fi sauka a Maris, daidai lokacin da albasa ba ta ma buƙatarsa sosai. Tsayar da ruwa da wuri yana rage ruɓa, yana rage mai, yana kuma bar wa rijiya numfashi. Masu son komawa injin hasken rana an ce musu su sa mitar ruwa tare da shi, domin injin da ba ya cin mai ba mai tuna ya kashe shi.

6 Oktoba 2025

An mai da asusun KoboToolbox da adireshin imel ɗinsa ƙarƙashin sunan ƙungiya. Kalmar sirri tana cikin ambulan biyu a rufe, ɗaya wurin shugaba ɗaya wurin ma'aji. Duk mako ana sauke bayanan a kwafa a filas ɗin USB biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wani gida, kuma babban littafin takarda bai daina aiki ba. Sunaye da lambobin waya ba sa fita tare da sakamakon awo. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma ko ba doka, wanda ya san yawan albasar kowa a rudu ya san wanda zai matsa wa a ciniki.

Matasa biyu da mace ɗaya suna koyon gyara takardar tambayoyi da kansu. Batiran na'urori uku sun nuna rauni, za a canza duka kafin Afrilu. An miƙa takardar awon asara ga wani asusun bashi na yankin, sun nemi a kawo ta shekara ta biyu kafin su yi maganar jingina. An fara yafa iri a makon nan, kuma mambobi 52 sun rubuta sunansu don a saka garakansu cikin awon baɗi, wanda zai buƙaci rudu 12 da ƙarin na'urori 6.